Agwagwa ta Arba'in

Litinin, 3 ga wata

Zuwa ga 'yata Dokta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, aiki kuma da sauƙi. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa da ke sanar da ni zuwan hadari tun kafin ya haɗu. Na biya wajen Yaya, mahaifiyarki, ranar Juma'a. Tana nan garau. Ta ce wata huɗu ke nan ba ki leƙo ta ba. Ni dai ban ce komai ba, tunda ba a tambaye ni ba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni. Na buga miki waya sau uku ba ki ɗauka ba, sai aka ce mini a wurin aikinku a bakin ƙofa ake barin waya kamar takalmi. Shi ya sa na ba direban da ke kai mini ƙwai birni wannan wasiƙa, haɗe da kula ɗaya. A cikin kular akwai kaji uku da ƙanƙara. Ba tsaraba ba ce, kada ki dafa.

Tun ranar Alhamis kaji ke zube mini a gona. Ranar farko sha ɗaya, washegari sittin, yau da na kai ɗari biyu sai na daina ƙirgawa. Da safe ki ga kaza tana cin abinci, kafin azahar ta kife. Zanko ya yi baƙi, fuska a kumbure. Na ba su maganin da na saba, na ba su tafarnuwa a ruwa, na ba su wani abin ma da ba zan faɗa miki ba don kada ki yi mini dariyar boko.

Abin da nake so ba shi da yawa. Ki duba su da na'urorinku, ki rubuto mini sunan magani, in saya. Kada ki sa ofis a ciki. Maganar gida ce. Ko da yake ba cikinmu ɗaya da Yaya ba, ai kakarmu ɗaya, kuma a kafaɗar nan tawa kika yi fitsari kina jaririya.

Abin godiya, agwagin da muka gada daga Tsohuwa, kakar tamu, ko ɗaya ba ta yi atishawa ba. Duk arba'in ɗin suna nan, kullum suna iyo a tafkin bayan gona tare da baƙin agwagin daji da suka sauka wancan watan. Abin sha'awa, sai kin gani.

Kawunki.

Alhamis, 6 ga wata

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Allah ya sawwaƙe gwiwa. Saƙon Inna ya iso, na kuma lura da yadda ba ka ce komai ba.

Kula ta iso. Direbanka a kujerar gaba ya ɗora ta, kusa da abincinsa, ya kuma buɗe ta a bakin ƙofa don mai gadinmu ya tabbatar ba bam ba ne. Da bam ne da hankalina ya fi kwanciya, don shi sau ɗaya yake tashi. Yanzu direba da mai gadi duk za a riƙa auna musu zafin jiki har kwana goma. An kuma tsare motar ƙwai, don haka motar haya na ba wannan takarda, gobe za ta same ka.

Murar tsuntsaye ce, irin mai zafin. Babu maganin da za ka saya. Tafarnuwa ta yi iya ƙoƙarinta.

Ka ce abin sha'awa. Da na zo layin nan sai da na ajiye takardar na sha ruwa. Kawu, gidan asali na irin wannan mura shi ne hanjin tsuntsayen ruwa. Agwagin daji suna ɗaukar ta daga ƙasa zuwa ƙasa, ba fasfo ba biza. Su sauka a tafki, su yi kashi a ciki. Naka su yi iyo, su sha, su dawo da yamma su tsoma baki a kaskon kaji. Kaza ta mutu cikin kwana biyu. Agwagwa kuwa sau da yawa sai ta ci gaba da rangaɗinta lafiya lau, tana rabawa gida-gida kamar katin gayyata. Rashin atishawarsu ba abin godiya ba ne, shi ne matsalar.

Kuma ba kaji nake ji ba. Cutar nan takan kama mutum in ya shiga cikinsu sosai: yanka, figa, fiɗa, shara. Zuwa yanzu ba ta iya tsallakawa daga mutum zuwa mutum da sauƙi ba. Amma mura ɗaliba ce mai naci. In ta tsuntsu ta haɗu da ta mutane a jiki ɗaya, sukan yi musayar kaya, a haifi sabuwa wadda jikin kowa bai taɓa gani ba. Da yawan manyan annobar mura ta irin wannan ƙofar suka shigo, kuma kowace a bayan gidan wani ta fara, wani da shi ma yake ganin maganar gida ce.

Batun kada in sa ofis: na sa. Tun kafin in cire safar hannu na sa. A nan ba a gwada komai a ɓoye, kowace kwalba da lambarta.

Ranar Asabar da safe ma'aikata za su zo gonarka. Za su kashe duk abin da ke da fiffike, su binne. Har agwagin. Ƙa'idar aiki ta hana ni faɗa maka ranar. Na faɗa ne albarkacin kafaɗar da ka ambata, don ka shirya zuciyarka, kada abin ya zo maka ba zato. Kafin nan kada komai ya fita daga gonar: ko kaza, ko ƙwai, ko kiret ɗin ƙwai, ko takalmin ƙafarka.

Na san abin da agwagin nan suke a wurinka. Amma sabo da kaza ba ya hana yanka, kai ka koya mini wannan.

'Yar Yayarka.

Lahadi, 9 ga wata

Dokta,

Na gaishe ki, don addini ya ce a yi gaisuwa. Lafiyata ba ta shafe ki ba. Ki yi haƙuri da takardar, ita na samu a kusa. Tunda kin tsare motar ƙwai, ta gidan waya zan aiko, ta iso ranar da ta ga dama. Kada ki ƙara buga mini waya, ba zan ɗauka ba.

Mutanenki sun zo. Su tara, cikin fararen kaya tun daga ka har ƙafa, ba ka gane namiji ba ka gane mace. Ko sallamar kirki babu. Aikin shekara ashirin da biyu suka zuba a buhuna kafin la'asar. Har zakaran da ke tashe ni. Suka haƙa rami, suka watsa farin gari, suka fesa wa ƙofata magani kamar gidan kuturu, maƙwabta na tsaye suna kallo. Yau na tashi gona shiru kamar maƙabarta. Na gode. Na kai miki ciwona a rufe, kin ɗauka kin kai kasuwa.

Tunda boko ya goge miki tarihi, bari in tuna miki. Shekarar babbar mura, bayan yaƙin duniya na farko, gidan Tsohuwa mutum goma sha ɗaya ne. Cikin mako uku ta ga fitar gawa tara. Ta rage daga ita sai jaririya a baya, wato kakarki, sai agwagi biyu a tsakar gida. Da ƙwan agwagin nan ta rayu, da shi ta yi goyo, da shi ta sake tsayar da gida. Ranar da za ta rasu, ni da Yaya muna zaune a gefenta, ta ce ko me za a rasa kada a bar irinsu ya yanke. Fiye da shekara ɗari ba a yanke ba. Annobar da ta ci duniya ba ta ci su ba, sai ke, da 'yar kwalbarki mai lamba?

Kin ce suna ɗauke da cuta. Ni tun ba a haife ki ba nake kiwo. Ƙa'idar kiwo ɗaya ce: in ciwo ya shiga garke, ka ware masu lafiya. Agwagwar da ke ci, tana sha, tana ƙwai, tana bin miji, ita ce marar lafiya? Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

In kina neman agwagi, babu. Ranar Juma'a da yamma suka bi na daji suka tashi. Wataƙila sun karanta wasiƙarki.

Yaya ta ji abin da kika yi. Na ga fuskarta. Kada ki wahalar da kanki da nemanta, wayarta ta faɗa ruwa.

Kawunki, ko kin so ko kin ƙi.

Laraba, 12 ga wata

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma ba gaisuwar baki nake ba: in ka ji zazzaɓi, ko idonka ya yi ja, ka faɗa wa ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa auna ka. Ni ina lafiya.

Ban ji daga gare ka ba. Wayarka tana shiga ba a ɗauka, ta Inna a kashe tun Asabar.

Rahoton ma'aikata yana gabana. Kaji, sun rubuta adadinsu. Talotalo biyu. Tantabaru goma sha huɗu. Agwagwa: babu. Sun ce sun sami akurkin agwagi a share tas, an zuba sabon yashi. Shekara talatin na san akurkin nan, ban taɓa ganin tsintsiya ta shiga ba. Ina taya shi murna.

Ka ce musu ka daɗe da daina kiwon agwagi. Sai dai ina da wasiƙa da hannunka mai cewa arba'in ne, kuma na nuna wa shugabana. Ya tambaye ni ta yaya ka san ranar da za a zo. Na faɗa masa. Wannan tsakanina da shi ne, ba sai ka ji tausayina ba.

Ina ka kai su? Duk gidan da suke, akwai mai zuba musu ruwa, akwai mai share kashinsu, akwai mai shaƙar ƙurarsu. Ka ɗauki garwashi ka kai ajiya ɗakin wani. Ka faɗi gidan.

'Yar Yayarka.

Litinin, 17 ga wata

Kawu,

Gaisuwa a taƙaice, don mota na jira.

Wasiƙarka ta ranar tara yau ta iso. Kwana takwas tana hanya. Na karanta tarihin Tsohuwa, wanda na ji sau ɗari, kowane karo da ƙarin gawa ɗaya. Na karanta labarin tashin agwagi. Babbar cikinsu, mai baƙin wuya, da idona na ga ta kasa hawa dakalin ƙofarka sai da aka tura ta. In ta bi na daji ta keta hazo, lallai mu'ujiza ta sauka a gonarka.

Sannan na juya takardar.

A bayanta akwai zanen fure, an ja layi zuwa kowane sashe an rubuta sunansa, malama ta ba da bakwai bisa goma da jan biro. Rubutuna ne, ina aji biyu na sakandare. Har yau ina ganin takwas ya kamata ta ba ni. Littattafan nan a wuri ɗaya suke a duniya: cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin gadon Inna. A ɗakinta ka zauna ka rubuta mini zagi, ita ta yago maka takardar.

Wayarta kuma ta faɗa ruwa. A gidan da ruwa mafi zurfi shi ne na buta. Sai dai in an kawo sabbin bahuna an jera a bayan gida, ita kuma tana sunkuyawa tana cika su da waya a ƙirji.

Kana da abokan kiwo, kana da surukai, kana da gonar da ba kowa a bayan gari. Duk ka tsallake, ka zaɓi mace mai shekara saba'in da ɗaya, mai ciwon suga, don ka san gidanta ne kaɗai ba zan so in kai ƙara ba. Lissafinka ya yi kyau. Kuskure ɗaya ka yi: ka ɗauka abin da ba na so ba na yin sa.

Na rubuta adireshin gidan uwata a takardar ofis da hannuna. Ina cikin tawagar. Wannan karon ban faɗa wa kowa rana ba, kuma kafin wannan ta same ka mun gama.

'Yar Yayarka.

Laraba, 19 ga wata

Kawu,

Assalamu alaikum. An ce zafin jikinka daidai yake. Madalla. Ka ci gaba da zama a gida kamar yadda aka umarce ka. Ma'aikaciyar jinyar da ta miƙa maka wannan za ta tsaya a ƙofa har ka rubuta amsa. Tana da haƙuri, na zaɓe ta ne musamman.

Ga labarin lafiyar da ba ka tambaya ba. Inna tana asibiti, a ɗakin da ba mai shiga sai da cikakkun kaya. An sa mata iskar taimakon numfashi. Huhunta na dama ya cika, na hagu yana shawara.

Mun sami agwaginka a bayan gida, ƙarƙashin tamfol, tsakanin igiyar shanya da bangon kicin. Bahuna uku, kamar yadda na zata. Lafiyarsu lau, ka yi gaskiya. Suna ci, suna sha, ɗaya ma ta yi mana ƙwai muna tsaye. Mun ɗauki samfurin kowace kafin a gama da su. Fiye da rabi suna ɗauke da cutar.

Ita kuma mun same ta a kan tabarma a falo, idanu jawur, kwana huɗu tana zazzaɓi tana shan ruwan zafi da citta. Fuskata a rufe take, amma ta gane ni da tafiya. Ta ce, "Ke ce? Wata huɗu ba ki zo ba, yau kin zo gaishe ni da kayan aiki." Na ce, "Inna, tun yaushe kike tari?" Ta ce, "Mura ce, ko ita ma sai an kai ƙarata?" Na ce, "An riga an kai."

Yanzu ga tambayar. Ka ce arba'in. Talatin da tara muka ƙirga, sau uku. Ina ɗayar?

Kafin ka ƙirƙiro mata fiffike, ka ji dalilin tambayar. Inna ta rantse wa likita ba ta taɓa su ba. Ta ce kai kake zuwa kullum ka ba su abinci, ita ko leƙa bayan gida ba ta yi. Ta ƙi maganar bahuna, ta ƙi maganar waya. Tana kare ka ne, ko tana kare kanta daga faɗana, ban sani ba. Amma an rubuta abin da ta faɗa, kuma yanzu ba ta da numfashin da za ta gyara shi.

In gaskiya ta faɗa, to ba daga tsuntsu ta ɗauka ba. Daga mutum ne, kuma mutum ɗaya ke shiga gidan. Gwajinka bai nuna komai ba, amma a makare aka yi shi, bai wanke ka ba. In daga agwagwa ta ɗauka, masifar gidanmu ce. In daga gare ka ta ɗauka, to cutar ta koyi darasin da na gaya maka tana nema, kuma masifar kowa ce. Za a rufe layinsu gaba ɗaya, makaranta, shaguna, a bi duk wanda ka yi wa musafaha cikin kwana goma. Shugabana ya ba ni zuwa gobe da rana.

In kuma ɗayar tana raye a wani gida, to akwai wata tsohuwar da ke cika baho yanzu haka.

Ba roƙonka nake ba. Na taɓa yi maka alheri sau ɗaya, ga shi can kwance ana ƙirga masa numfashi. Ka rubuta gaskiya, ko da zagi a ciki. Zagin ba ya damuna, na saba da rubutunka.

'Yar Yayarka.

Laraba, 19 ga wata, bayan la'asar

Dokta,

Na amsa gaisuwa. Allah ya ba Yaya lafiya, ya tashi kafaɗunta. Ni jikina ba komai. Matar nan da kika turo ta ƙi zama, ta ƙi ruwa, tana tsaye tana kallona kamar ɓarawon akuya.

Babu wata agwagwa a wani gida.

Ranar Talata, kwana huɗu da kai su, na je na tarar da mai baƙin wuyan ta ware kanta. Tana tsaye tana juya kai gefe guda, ba ta shiga ruwa. Na ce wa Yaya gajiyar mota ce. Yaya ta dube ta, ta ce, "Wannan ba za ta kai gobe ba. Kawo wuƙa." Na ce a bari mu gani. Ta ce, "Ka taɓa ganin Tsohuwa ta bar agwagwa ta zama mushe? In ta mutu da kanta an yi asara biyu." Kin san haka muke yi, haka kowane mai kiwo yake yi: in dabba ta fara layi, a riga mutuwa.

Ni na yanka. Ita ta fige. A cikin kicin, ƙofa a rufe, taga a rufe, don kada iska ta kai gashin gidan maƙwabta su gane. Na ce ta zuba ruwan zafi, ta ce gashin agwagwa a bushe ake figar sa in ana son a yi filo. Ta fi awa ɗaya a kai, gashi na tashi har kan girarta, tana dariya tana cewa ta yi furfura biyu. Ita ta fiɗe, ita ta wanke hanji. Ni ina waje ina gadin ƙofa. Muka dafa muka ci mu biyu, ba mu ba kowa ba. Gashin yana cikin leda a bayan ƙofar kicin, a rataye, in mutanenki ba su gani ba. Kuma ita ke cika bahuna safe da yamma. Ni sau uku kawai na je.

Ga gaskiyarki. Ki kai wa shugabanki, kada a rufe wa mutane layi saboda ni.

Amma kada ki ɗauka na zo durƙusa miki. Ban tilasta wa Yaya ba. Da na isa da su a bayan mota ranar Juma'a, ban gama magana ba ta buɗe ƙofar baya. Ta ce, "Kakata ce ni ma." Ke ba ki san wannan ba, don ke kin san abin da ke cikin hanjin agwagwa, ba ki san abin da ke cikin uwarki ba. Kuma ke kika ba ni rana. Da ba ki rubuto Asabar ba, da sun same su a akurki. Ki riƙe rabonki, in riƙe nawa.

Ki faɗa mini in ta farka. In ba za ki rubuta ba, ki aiko matar nan ta faɗa mini daga bakin ƙofa.

Kawunki.

Alhamis, 4 ga sabon wata

Kawu,

Assalamu alaikum. Na ji an sallame ka daga zaman gida, ba ka kamu ba. Mai yanka ya tsira, mai figa ta kwanta. Ban yi mamaki ba, haka rabon aiki yake a yawancin gidaje.

Na san ma'aikaciyar jinya tana kai maka labari kullum, don haka ban rubuta ba. Ga cikakkensa. Inna ta tashi. Kwana tara ta yi ba ta san inda take ba. An cire mata iska shekaranjiya. Likita ya ce huhun dama ba zai koma kamar da ba, hawa matakala da ɗaukar bokiti sun ƙare. Ba a rufe layinsu ba. An sami ledar gashin inda ka ce. Cikin duk waɗanda aka bi sawunsu babu wanda ya kamu. Wannan karon cutar ta zo ƙofa, ta leƙa, ba ta sami mabuɗi ba. Ba wayonmu ba ne.

Ranar da ta farka ina tsaye a kanta. Ta daɗe tana kallona. Abin da ta fara cewa shi ne, "An ba su ruwa?" Na ce, "Babu su, Inna." Ta ce, "Duka?" Na ce, "Duka." Ta ce, "Ke da hannunki?" Na ce, "Wasu." Sai ta juya fuska bango. Tun daga ranar tana magana da likita, tana magana da mai shara, tana yi wa ma'aikatan jinya barkwanci. Ni in na shiga sai barci ya ɗauke ta. Jiya ta ce a gaya wa ƙanenta ya zo. Ba ta da ƙane sai kai. Ana shiga daga ƙarfe huɗu zuwa biyar. Ka wanke hannu. Kada ka kawo mata komai mai fiffike, ko a dafe.

Rabona na riƙe, kamar yadda ka ce. An zaunar da ni gaban mutum uku, na maimaita musu cewa ni na faɗa maka ranar. An cire ni daga aikin fita har shekara guda, an mai da ni ɗakin ajiyar samfura. Hukuncin daidai ne. Da ni ce su, da na ƙara.

Ka ce ban san abin da ke cikin uwata ba. Wannan ma ka yi gaskiya, amma yanzu na sani, har da lambarsa.

Sabon aikina shi ne kula da manyan firizoji shida, masu sanyin da ke ƙona yatsa. A na huɗu, shiryayye na uku, akwai wani ɗan farin akwati. Ni na jera shi, ni na rubuta takardarsa. Kwalabe talatin da tara daga agwagin Tsohuwa, kowace da lambarta. Za a ajiye su shekara da shekaru, masu bincike za su riƙa aro, wataƙila wata rana su taimaka wajen haɗa rigakafi. Ka ce Tsohuwa ta yi wasiyya kada a bar su su yanke. Iyakar abin da na iya ke nan.

Akwai gurbi ɗaya da ya rage a layin ƙarshe. Ranar Litinin aka kawo samfurin da aka ɗauka daga maƙogwaron Inna. An gwada, iri ɗaya ne da nasu, ba bambanci. Na sa shi a gurbin, na rufe akwatin.

Arba'in ka ce, Kawu. Sun cika.

'Yar Yayarka.